Yadda Ƙasa Ta Koma }asa a Huanshi Lu

'Yan uwa ɗalibai, da kwamitin wannan mujalla ya ɗora mini aikin tono tsofaffin takardun ƙungiyarmu, na ɗauka aikin yini guda ne. Wani dattijo cikin 'yan kasuwarmu na Xiaobei ya ba ni fayil ɗin jawabin da aka karanta a taron farko, wanda aka rubuta da tsohon Word. Na kai shi wani shagon buga takardu a titin Huanshi Lu, kusa da ginin Tianxiu. Da takardar ta fito sai na ga "}asa", "ha]in kai", "za~e". Mai shagon ya dube ni, ni ma na dube shi, wallahi digirina na injiniya bai tsinana mini komai ba.

Ashe matsalar ta girme ni. Tun shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun boko, da su ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939. Maɗaba'a tana da dalmarta, amma keken rubutu na ofis ba shi da su, sai akawu ya bi da biro yana lanƙwasawa. Da kwamfuta ta zo aka koma gidan jiya. Unicode ta ba haruffan lambobinsu tun 1991, sai dai manhajojin wancan lokaci ba su san da zaman ta ba, sai daga Word 97 aka fara samun sauƙi.

A wannan tsakani ne, cikin shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro samfurin haruffan Rabi'at da Abdalla. Dabarar ita ce a ari mazaunin alamomin da Bahaushe bai cika amfani da su ba, a zana ƙ da ɗ da ɓ a wurin. Marubutan Kano sun ci moriyarta sosai. Illarta ɗaya: kwamfuta dai baka take ajiyewa, samfurin ne ke sa mata rigar ƙ. In babu shi, asiri ya tonu.

Sai da aka turo mini Rabi'at daga Kano muka saka, haruffa suka dawo. Sannan shafuka suka goce, domin tsohon fayil ɗin yana auna layukansa ne da direban firintar da aka haɗa. Muka kashe wannan zaɓi, muka mayar da shi PDF da haruffan a cikinsa. Mai shagon ya yi dariya, ya ce su ma haka suke fama: tsarin GB2312 na 1980 haruffa 6,763 kawai ya ɗauka, mutane da yawa sunayensu ba sa ciki.

Daren nan na zauna na musanya kowace alama da harafinta na Unicode. Dattijon da ya karanta jawabin ya rasu, muryarsa wannan fayil ce kaɗai ta rage mana. Don Allah duk mai tsohuwar takardar ƙungiya a wata kwamfuta, ya buɗe ta yau ya duba, ya turo wa kwamiti mu gyara. Allah Ya jiƙan magabatanmu.