Daga Bulala zuwa Sulhu: Tarihin Ladabtar da Ɗalibai a Makarantun Kuala Lumpur

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda horon ɗalibai ya sauya a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, daga ƙarni na 19 zuwa yau. Ta nuna cewa doka ta yi wa bulala iyaka ba tare da ta kawar da ita ba, kuma tunanin gyara dangantaka tsakanin mai laifi da wanda aka cuta yana da tushe a cikin al'adar Musulunci ta ƙasar.

1.0 Gabatarwa

Kalmar ladabi ta Hausa da kalmar adab ta Malayanci duk daga Larabci suka fito, kuma a wuraren biyu an daɗe ana haɗa ladabi da tsumagiya. Bahaushe na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da tarihi ke tambaya shi ne da me ake tanƙwarawar, kuma me ke faruwa da iccen da ya karye a hannun mai tanƙwarawa.

2.0 Gadon Bulala Biyu

Gado na farko na makarantar Alƙur'ani ne. Munshi Abdullah, a tarihin rayuwarsa Hikayat Abdullah da aka buga a 1849, ya bayyana kayan horon makarantun Malaka na ƙuruciyarsa, har da sandar rotan da wani abin matse yatsu. Duk wanda ya san makarantar allo ba zai ji wannan baƙon labari ba.

Gado na biyu na Turawan Ingila ne. An aza harsashin makarantar Victoria Institution a Kuala Lumpur a 1893, da gudummawar Sarkin Selangor Abdul Samad da attajirai irin su Loke Yew da Thamboosamy Pillai. Makarantu irinta sun ɗauko tsarin makarantun Ingila, inda hedimasta ke riƙe da sanda, manyan ɗalibai kuma ke sa ido a kan ƙanana. Haɗuwar gadon biyu ta sa bulala ta samu kariyar al'ada da ta hukuma a lokaci guda.

3.0 Doka Ta Shata Iyaka

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai a 1957, aka fitar da ƙa'idojin ladabtarwa na makarantu na 1959. Sun haramta dukan 'yan mata, sun kuma taƙaita dukan maza ga sanda mara nauyi a tafin hannu ko a mazaunai bisa tufafi. Takardar umarnin Ma'aikatar Ilimi ta 2003 ta kasa laifuka gida uku: babba, matsakaici da ƙarami. Mafi yawan bulala uku ne, ba a yi a bainar jama'a, kuma hedimasta ne ke yi ko malamin da ya wakilta.

Wannan adadi ya yi daidai da wanda Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 870, ya gindaya wa malaman yara a kan karatu. Ibn Khaldun ya ƙara gaba a Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara domin tsoron hannun da ke kansa. Ƙa'idojin 1959 da 2003 sun amsa tambaya ɗaya: wace doka aka karya, kuma bulala nawa ta kama? Ba su tambayi wa aka cuta ba, balle yadda za a gyara tsakaninsu.

4.0 Wata Hanya Ta Daban

A cikin birnin ne kuma wani tunani ya tsiro. A 1980 aka buga littafin Syed Muhammad Naquib al-Attas kan ma'anar ilimi a Musulunci, inda ya zaɓi kalmar ta'dib a matsayin sunan da ya fi dacewa da ilmantarwa. A wurinsa adab shi ne sanin matsayin kowane abu da ba shi haƙƙinsa. Idan haka ne, yaron da ya zalunci ɗan'uwansa bai koma kan ladabi ba har sai ya gane haƙƙin da ya tauye, ya kuma mayar da shi.

Hukuma ma ta ɗan karkata. Daga 1996 aka fara naɗa malaman ba da shawara na cikakken lokaci a sakandare, ga kuma shirin Pembimbing Rakan Sebaya da ke horar da ɗalibai su saurari tsaransu. A 2004 kotunan Shari'a na yankin tarayya, wanda Kuala Lumpur ke ciki, suka samu ƙa'idojin zaman sulhu. Gyaran da aka yi wa Dokar Yara ta 2001 a shekarar 2016 ya soke hukuncin bulala a kotun yara, ya kawo aikin yi wa al'umma hidima. Sai aka wayi gari alƙalin kotun yara ya ajiye sandar da hedimasta ke riƙe da ita.

A wajen ƙasar, dokar Niyu Zilan ta 1989 ta shigar da zaman iyali na Maori cikin shari'ar yara, kuma a 1994 wata sakandare a Kwinsland ta Ostareliya ta gwada irin wannan zama. Ana tara mai laifi da wanda aka cuta da iyayensu, kowa ya faɗi abin da ya same shi, a amince da diyya ko aikin gyara, yaron ya ci gaba da karatu.

5.0 Darasin 2017

Da asubahin 14 ga Satumba 2017 gobara ta tashi a makarantar haddar Alƙur'ani ta Darul Quran Ittifaqiyah da ke unguwar Datuk Keramat. Mutum 23 suka rasu: ɗalibai 21 da malamai 2. 'Yan sanda sun kama yara bakwai masu shekara 11 zuwa 18, suka ce musabbabin shi ne tsokana da cacar baki tsakaninsu da ɗaliban. Rahotanni sun nuna yawancinsu ba sa zuwa makaranta. A Agustan 2020 Babbar Kotu ta samu ɗaya daga cikinsu da laifin kisa.

Babu mai iya rantsewa cewa zaman sulhu zai hana abin da ya faru. Abin da ya tabbata shi ne ƙaramar husuma ta girma ba tare da an kashe ta ba, a tsakanin yaran da wasunsu sun riga sun fita daga hannun kowane malami. Bulala da kora suna aiki ne a kan yaron da ke cikin aji. Wanda ya fice, sun rabu da shi.

6.0 Kammalawa

Tarihin Kuala Lumpur ya nuna cewa taƙaita duka mataki ne, gina dangantaka kuma wani mataki ne daban mai bukatar malamai horarru da lokaci da yardar iyaye. Ga masu nazarin makarantun allo, Islamiyya da boko a ƙasar Hausa, darasin a kusa yake: sulhun da mai unguwa da liman ke yi a zaure tsohon abu ne, sai dai ba kasafai yake tsallaka ƙofar aji ba. Binciken da ya rage shi ne na yadda za a shigar da shi ba tare da an danne muryar yaron da aka cuta ba.