Kiwon aladu a manyan gonakin Turai: halin da dabbobin ke ciki da abin da doka ta ce

A manyan gonakin kiwo na zamani ana tara aladu dubbai a rufaffen gini, a kan daɓen siminti mai ramuka inda kashi ke zuba. A Faransa, fiye da rabin aladun ƙasar a yankin Bretagne ake kiwon su.

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne kejin ƙarfe da ake sa uwar alade a ciki, wanda ko juyawa ba ta iya yi. Cikinta yakan kai kwana 114. Masu gonaki na cewa kejin haihuwa yana hana ta danne ƴaƴanta. Masu kare dabbobi kuma na cewa alade dabba ce mai wayo da son tonon ƙasa, kuma matsi da rashin abin yi ne ke sa aladu cizon wutsiyar juna. Saboda wannan cizon ne ake yanke wa jariran wutsiya. Mazan kuma ana yi musu fiɗiya don kada naman ya yi ƙarni.

Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta hana yanke wutsiya a matsayin al'ada, amma har yanzu ana yi a yawancin ƙasashen. Tun 1 ga Janairun 2013, wajibi ne a haɗa matan a garke daga mako huɗu bayan barbara zuwa mako ɗaya kafin haihuwa. Alade mai nauyin kilo 85 zuwa 110 kuwa, filin da doka ta ba shi bai kai murabba'in mita ɗaya ba: 0.65 ne kawai.

Birtaniya ta hana kejin masu ciki tun 1999. Jamus ta hana fiɗiya ba tare da kashe zafi ba a 2021, Faransa ta bi sahu a 2022. A Faransa, ƙungiyar L214 ta yi suna wajen fitar da bidiyon ɓoye daga gonaki da mahauta.

Mutane kusan miliyan 1.4 sun sa hannu kan takardar neman a soke keji gaba ɗaya. A 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta yi alkawarin gabatar da daftarin doka kafin ƙarshen 2023, amma wa'adin ya wuce ba ta gabatar ba.