Yadda Allunan Lantarki Suka Koyi Tashi da Kansu

Duk na'urar da aka jona wa wuta, ƙwaƙwalwar aikinta fayau take farkawa, ba komai a ciki. Dole wata 'yar manhaja ta riga kowa tashi, ta shirya wuri, ta ɗauko babban tsarin ta miƙa masa ragama. Inda za a ajiye wannan manhajar tada na'ura ya daɗe yana hana injiniyoyi barci.

A 1975, mai kwamfutar Altair 8800 da yatsunsa yake shigar da ita, yana ɗaga maɓallan gaban akwatin ɗaya bayan ɗaya, in wuta ta ɗauke a koma farko. Marubucin manhaja Paul Allen ma a cikin jirgin sama ya rubuta tasa, kan hanyar Albuquerque, da ya tuna ya taho da manhajar BASIC ba tare da abin loda ta ba.

Masu ƙera ƙananan alluna kuwa sun jingina ne da guntun EPROM, wanda Dov Frohman na kamfanin Intel ya fito da shi a 1971. Guntun yana da 'yar taga a gadon bayansa. In aka yi kuskure ko na layi ɗaya, sai a zare shi daga allon, a sa a akwatin wata fitila ta musamman ya sha haske kusan minti 20 har ya goge tas, a sake rubutawa da wani inji daban, a liƙe tagar da takarda don kada rana ta yi ɓarna, sannan a mayar. Haka ake yini ana zarya tsakanin tebur da fitila.

Fujio Masuoka na Toshiba ne ya raba su da wannan wahala. A 1984 ya gabatar da ma'adanar filash, wadda lantarki ke gogewa tana nan manne a allonta. Intel ta kai samfurin NOR kasuwa a 1988, Toshiba ta biyo da NAND. Bambancin biyun ba ƙarami ba ne. NOR tana barin ƙwaƙwalwar sarrafawa ta karanta umarni kai tsaye daga cikinta, don haka manhajar tadawa kan zauna a adireshin da ake fara dubawa, shi ke nan. NAND ta fi araha da yalwa, amma shafi-shafi ake karanta ta, kuma tun daga masana'anta takan zo da gurbatattun sassa. Wannan ya tilasta tashi hawa-hawa: umarnin da aka gina cikin guntun ya ɗauko ƙaramar manhaja, ita ta tada babbar ƙwaƙwalwa, sannan ta jawo yayarta, cikakkiyar manhajar tadawa.

Manhajar da ta mamaye wannan fage ta faro ne a hannun Magnus Damm da sunan 8xxROM. Daga baya Bajamushe Wolfgang Denk ya karɓe ta ya mai da ita PPCBoot, a 2002 ta koma U-Boot bayan an haɗe ta da reshen da ke hidimar guntayen ARM. Ta bar RedBoot da sauran tsararrakinta a baya, galibi saboda duk wanda ya ƙera sabon allo yakan mayar da gyaransa cikin tukunya ɗaya kowa ya ci.

Al'adar aikin ba ta sauya sosai ba tun lokacin. Injiniya zai haɗa siraran wayoyi uku, na aikawa da na karɓa da na ƙasa, ya saita gudu a 115200, ya kunna wuta. Rubutu zai fara gudu a allon kwamfutarsa, ƙidaya ta soma sauka, shi kuma ya yi wuf ya danna maɓalli kafin ta ƙare. Muddin ana gwaji, ta wayar sadarwa ake jawo babban tsarin, wato Linux, da umarnin tftp, don ba wanda ke son goge filash sau ɗari a rana. Sai komai ya daidaita ake rubuta shi a ciki, a sauya bootcmd ya nuna adireshin, a gaya wa Linux inda fayilolinsa suke ta bootargs. Wanda ya manta bai buga saveenv don adana saitunan ba, da ya kashe wuta aikin ya bi ruwa.

Sauƙin gogewa ya zo da nasa haɗari. Fitilar da can ba ta taɓa goge guntu bisa kuskure yana cikin allo ba. Yanzu lamba ɗaya ta kauce a adireshi, sai mutum ya share manhajar tadawar kanta, allo ya zama bulo. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san wannan fargaba duk lokacin da suke yi wa waya filashin wuta ta ɗauke. A kan allo, mafita ita ce mashigar JTAG, ƙa'idar da aka amince da ita a 1990 don gwajin haɗin wayoyi, wadda ta rikiɗe ta zama hanyar ceto. Masu U-Boot kuma suka ƙara dabarar ajiye saituna kwafi biyu a sassa daban, kowanne da lambar tantancewa, ta yadda in wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta ɗaya, allon zai tashi da ɗayan.