Lauyan cikin kamfani: Yadda yake kare kamfani daga shari'a a Jos

Lauyan cikin kamfani ma'aikaci ne da ke karɓar albashi domin bai wa kamfani shawara kan doka. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun hana shi tsayawa gaban alƙali a madadin wanda ya ɗauke shi aiki, sai dai in lauyan gwamnati ne. Don haka babban aikinsa shi ne kashe rigima tun ba ta kai kotu ba, domin rigakafi ya fi magani.

A Jos, garin da ya bunƙasa da haƙar kuza, rigingimun kamfanoni sukan taso ne daga filaye, ma'aikata da kwangila. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da fili mai takardar mallaka. Dokar Ma'adinai ta 2007 kuwa ta ɗora wa mai lasisin haƙa nauyin ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mazauna wurin kafin fara aiki. Lauyan ne ke tabbatar da cewa an cika waɗannan sharuɗɗa, an rubuta kwangila dalla-dalla, an kuma kai rahoton shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, kamar yadda Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanada.

Idan aka kawo sammaci, matakin farko shi ne duba wa'adin mayar da martani, domin sakaci na iya sa a yanke hukunci a bayan idon kamfani. Daga nan sai ya killace takardu da saƙonni, ya sanar da hukumar daraktoci, ya zaɓi lauyan waje da zai tsaya a kotu, ya kuma sa ido kan kuɗin da ake kashewa.

Dole ne kuma ya san hurumin kowace kotu. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa Babbar Kotun Tarayya shari'o'in tafiyar da kamfanoni da na ma'adinai. Sashe na 254C ya keɓe wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa rikicin sallama da albashi. Rigimar fili a birni da kwangila ta yau da kullum sukan je Babbar Kotun Jihar Filato. Dukkansu suna zama a Jos, haka ma Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Shari'a kan ɗauki shekaru, ta kuma ɓata hulɗar ciniki. Shi ya sa lauyoyi ke sanya sharaɗin sasanci a cikin kwangila tun farko. Dokar Sulhu da Sasanci ta 2023 ta ba da damar aiwatar da hukuncin masu sasanci ta hanyar kotu, tamkar hukuncin alƙali.