Mata-maza: Mutanen da Rigimar Auren Jinsi ta Binne

A ranar 1 ga Afrilu 2001 Holan ta zama ƙasa ta farko da ta halatta auren jinsi ɗaya. Afirka ta Kudu ta biyo baya a 2006, Amurka a 2015, Jamus a 2017. Masu fafutukar sun ɗauka an kai gaci, sai ga shi da sauran rina a kaba. Ko shekara biyu ba a yi da dokar Afirka ta Kudu ba aka yi wa Eudy Simelane, 'yar ƙwallon tawagar mata ta ƙasar, fyaɗe da kisan gilla a KwaThema. A Jamus sai a 2021 aka taƙaita yi wa jarirai mata-maza tiyatar da ba ta gaggawa ba. Mata-maza su ne harafin ƙarshe na laƙabin LGBTI, su ne kuma na ƙarshe da aka waiwaya.

A wajenmu lamarin ya zo a juye, amma sakamakon bai sauya ba. Jihar Kebbi ta fara aiki da dokokin hukunci na shari'a tun 2000. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka. Hukuncin addini kan wannan aure sananne ne, kuma ba shi wannan maƙala ta zo tattaunawa ba. Abin da nake ikirari shi ne, can da aka halatta da nan da aka haramta, zancen aure ya cinye duk wani zance, har aka yi wa mutane mabambanta kuɗin goro. Waɗanda suka fi cutuwa da wannan su ne waɗanda Allah ya halitta da al'aurar da ba ta fayyace jinsinsu ba.

Mu ɗauki haihuwa a wani ƙauye na ƙasar Maiyama. Ungozoma ta yanke cibiya, ta duba, ta sake dubawa, ta yi shiru. Mata na jiran su yi guɗa, uba na zaure yana jiran albishir, ga kwana bakwai kacal kafin liman ya tambayi sunan da za a raɗa. Sau da yawa ungozoma da kaka ne ke yanke hukunci, a naɗe jaririn a zane, a hana 'yan barka ɗaukarsa. Wannan ɓoyo na iya zama ajali. Cikin abubuwan da ke haddasa irin wannan halitta akwai matsalar ƙwayar da ke saman ƙoda, wadda wani nau'inta ke sa jariri zubar da gishirin jiki har ya mutu cikin makonnin farko, alhali akwai maganinta. Wanda ya rayu kuma, balaga ce ke tona asiri: a ga nono ya fito wa "Malam", ko gemu ya tsiro wa yarinyar da aka riga aka karɓi kuɗin gaisuwarta. Daga Jega zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato tafiyar 'yan sa'o'i ce. Kunya ce ke mayar da ita tafiyar shekara goma sha biyar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne magabatanmu ba su ji wannan kunyar ba. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda aka gaji karatun fiƙihun Malikiyya a zaure. Duk almajirin da ya sauke Mukhtasar na Shehu Khalil ya san da mas'alar hunsa, wato mata-maza, aka rufe littafin. Malamai sun zayyana alamomi: ta ina fitsari ke fita, in ta biyu ne wanne ya fi yawa ko ya riga, sannan gemu, nono, haila. In an rasa rinjaye sai a kira shi hunsa mushkili, a ba shi rabin gadon namiji haɗe da rabin gadon mace. Misali, manomi a Aliero ya rasu ya bar buhu 12 na albasa da 'ya'ya biyu, ɗa namiji da hunsa. Da namiji ne zai sami 6, da mace ce 4, saboda haka rabonsa 5, ɗan'uwansa 7. Malamin da ya zauna ya yi wannan lissafi ya yarda cewa hunsa ɗa ne a gidan ubansa, mai haƙƙi, wanda ba a tuhumarsa da komai. Yau sai ka ji mai digiri na kiran mata-maza ɗan luwaɗi.

Daga wannan cuɗanya ne cutarwa ke fitowa. 'Yan daudu ma, waɗanda aka daɗe da sani da sana'ar tuwo da suyar kaji a tashoshin mota, waɗanda Rudolf Gaudio ya nazarci rayuwarsu a Kano a littafinsa na 2009, yanzu kamanni kaɗai kan isa a kama su. An kama mutum 53 a Zariya a Afrilun 2017, mutum 19 a Kano a Disambar 2022, mutum 76 a Gombe a Oktoban 2023, duk bisa zargin shirya bikin auren jinsi. Fiƙihun da muke tunƙaho da shi shaidu huɗu adilai yake nema kafin a tabbatar da luwaɗi, Suratul Hujurati kuma ta hana binciken asirin mutane. In murya da tafiya suka zama hujja, saurayi mai nono da budurwa mai gemu ba su da mafaka, domin taron jama'a ba ya jiran takardar likita.

Akwai kuma batun lafiya. Wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya nuna cewa tsoron zuwa asibiti tsakanin maza masu hulɗa da maza ya tashi daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan dokar 2014. Wanda ya gudu daga gwajin ƙanjamau ba shi kaɗai zai kwana a ciki ba, domin da yawansu suna da mata da 'ya'ya.

Za a ce duk wanda ya taɓo wannan magana ƙofa yake buɗe wa Turawa. Na fahimci wannan fargaba, amma ba ta hau kan mata-maza ba. Kenya ta ƙidaya mata-maza 1,524 a ƙidayarta ta 2019 ba tare da ta halatta auren jinsi ba. Mu kuwa ba ma buƙatar aron komai, tunda ƙa'idar tana cikin gafakar malamanmu.

Ina roƙon limaman ƙasar Gwandu su karanta babin hunsa a bainar jama'a kamar yadda suke karanta babin alwala. Makarantar koyon aikin lafiya ta Jega ta koya wa ɗalibanta, su kuma su koya wa ungozomomin ƙauye, cewa jaririn da ba a gane jinsinsa ba asibiti ake kai shi a makon farko, ko da za a ɗaga raɗin suna. Hukumomin tsaro kuma su daina kama mutum saboda kamanninsa.