Yadda fiyano guda ya koma taron makaɗa

Bara a hutun damina na yi wata biyu ina ɗaukar wa yayana kaya. Shi mai kiɗan fiyano ne a bukukuwa nan Maraɗi. Abin da ya fara ɗaure mani kai shi ne mutum ɗaya, fiyano ɗaya, amma hannun hagu na fidda ƙaton sauti mai girgiza ƙirji, na dama na busa sarewa, in kuma ya danna da ƙarfi sai ka ji kakaki ya hau bisa sarewar. Na tambaye shi, ya ce: "Kai dai riƙe waya, kar ta fita." Shi ya sa na bi sawun abin da kaina.

Ashe dabara biyu ce. Ta farko raba maɓallai gida-gida: daga nan zuwa nan muryar kaza, daga can zuwa can wata. Ta biyu kuwa raba ƙarfin danni. Kuma duka biyun sun girmi lantarki nesa ba kusa ba.

Rabon maɓallai tsohon abu ne a majami'un Turai. Tun ƙarshen ƙarni na 16 masu ƙera orgi a Isfaniya suke yanka jerin maɓallai biyu daidai do ta tsakiya, yadda hagu zai busa wasu bututu, dama ya busa wasu. Majami'ar da ba ta da halin orgi mai hawa biyu sai ta samu murya biyu a hawa ɗaya. Talauci ne ya koyar da dabara, kamar dai mu.

Zancen ƙarfin danni kuwa a Italiya ya taso. Kayan kiɗa mai maɓalli da aka fi ji da shi a fadoji a lokacin tsinkar tsirkiya yake yi, ko ka lallaɓa shi ko ka doke shi kusan sauti ɗaya zai ba ka. Wajen shekarar 1700 wani maƙeri a birnin Fulorans, Bartolomeo Cristofori, ya sa ƙananan gudumomi su riƙa bugun tsirkiyar. Sunan ma daga nan ya fito: da Italiyanci piano a hankali ke nan, forte kuwa da ƙarfi. Mu muka ɗauki rabin sunan muka ce fiyano.

Abin mamaki, da injunan sauti na lantarki suka shigo sai aka koma baya. Minimoog na 1970 sauti ɗaya tak yake fitarwa a lokaci guda, kuma bai san bambancin yatsan jariri da na maƙeri ba. Sai a 1977 Yamaha CS-80 ya yi suna da jin nauyin hannu, amma nauyinsa ya kusa kilo 100, kuɗinsa kuma sai manya. A 1981 Roland Jupiter-8 ya zo da raba maɓallai biyu ko ɗora murya bisa murya.

A ganina shekarar da ta juya komai ita ce 1983. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka jagoranci shirya yare guda da injunan kamfanoni daban-daban za su riƙa magana da juna, wato MIDI. A watan Janairu na shekarar aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 da waya gaban jama'a, ɗaya ya kaɗa ɗaya. Cikin wannan yare kowane maɓalli na da lamba, daga 0 zuwa 127, do ta tsakiya ita ce 60. Danni ma an ba shi lamba, daga 1 zuwa 127. Ku lura da wannan, don ni ya ba ni mamaki ƙwarai: injin ba ƙarfi yake aunawa ba, sauri ne. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wuraren taɓawa biyu, sai ya ƙirga lokacin da maɓallin ya ɗauka daga na farko zuwa na biyu. Gajeren lokaci, babbar lamba.

Da zarar abu ya zama lamba, yanka shi ba wuya. Korg M1 na 1988 ya ba makaɗi damar jera muryoyi har 8 a lokaci guda, kowace da iyakarta ta maɓallai da iyakarta ta danni. Sai ka ce bas ya tsaya daga lamba 54 zuwa ƙasa, sarewa ta ɗauka daga 55 zuwa sama a kowane irin danni, kakaki kuma ya zauna gida ɗaya da sarewa amma kar ya buɗe baki sai danni ya kai 100. Ga sirrin yayana ke nan.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kaset ɗinsa a Yamai a 1978 da orgin lantarki ƙirar Italiya, shekara da shekaru ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na ƙasa. Daga baya, cikin shekarun 1990, situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha jerin PSR don waƙoƙin fim, fim ɗin Sangaya na 1999 na cikin waɗanda suka baza sautin. Kaset ya tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa, amare suka ce su ma irinsa suke so.

Ranar da yaya ya yarda in shirya masa muryoyi, na ga kaina gwani. Na ba sarewa danni 1 zuwa 80, na ba kakaki 90 zuwa 127. Ban kula ba na bar rami tsakanin 81 da 89. A gida ba mu ji komai ba, don a hankali muka gwada. Wurin biki kuwa, hannu ya yi zafi, ana cikin rakiyar amarya sai waƙa ta riƙa yin giɓi kamar bakin tsohuwa, sauti ɗaya ya fito, na gaba ya ɓace. Yaya ya zaci waya ce, ya yi ta harara ta. Wallahi sai da na kwana biyu kafin in faɗa masa gaskiya.

Akwai wanda wannan tarihi bai yi wa daɗi ba, kuma a gidanmu yake. Kawunmu makaɗin kalangu ne. Da can biki guda sai ya tara su mutum biyar ko shida, kowa ya koma gida da abin cefane. Yanzu mai biki ya gane fiyano da gurup sun fi masa arha. Ni dai ba na ce injin ya yi ƙarya ba, amma kunnena ya san kalangun ciki ba ya magana. Lambobin nan 127 suna iya sauya ƙarfin bugu, har su sauya wane bugu za a ji, amma kalangu da hammata ake matse shi, sautin na hawa da sauka cikin bugu ɗaya yadda harshenmu ke yi.

Wata rana da yamma kawu ya zo gida ya tarar da fiyanon a shimfiɗe bisa tabarma. Na zaɓo masa muryar ganga, ya danna a hankali, ya danna da ƙarfi, ya gyaɗa kai. Sai ya ce: "To yaro, ina wurin matsewa?" Na nuna masa ƴar ƙaramar tayar da ke gefen hagu, wadda ke lanƙwasa sauti sama ko ƙasa. Ya murza ta sau biyu da babban yatsa, ya ce in kira sunan kakarmu da ita ya ji. Na gwada har aka kira magariba, bai ce ya gane sunan ba.