Kwanon da ba ya dawowa: tashar jirgin Kano da tarihin mazubin abinci

A ranar 21 ga Janairun 2024 gwamnatin Jihar Legas ta haramta amfani da farin mazubin soso da ake zuba abinci a ciki, wanda kowa ya sani da sunan tekawe. Kwamishinan muhalli, Tokunbo Wahab, ya ce mazuban sun toshe magudanan ruwan birnin. Abiya da Oyo suka bi sahu a cikin shekarar. Duk wanda ke sayen shinkafa a Fagge ko Sabon Gari ya san har yau farin mazubin na nan, sai dai a gidajen abinci masu tsada da wuraren biki an fara ganin wani mai ƙyalli, na alminiyam, ƙarfen nan da iyayenmu ke kira goran ruwa ko sanholo. Shin shi ne magajin da ya dace? Kafin a amsa, ya kamata a san inda matsalar ta faro, kuma a ganina babu wurin da ya fi tashar jirgin ƙasa bayyana ta.

Fagge zango ce tun kafin Turawa. Tarihi ya danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, inda ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma a wajen ganuwa. Bafatake a zango ba shi da gaggawa. Yakan zauna, a kawo masa tuwo a akushi, fura a ƙwarya, ya ci ya sha, mai abinci ta ɗauki kayanta ta wanke. Abin da zai tafi da shi kuwa busasshe ne: kilishi, dakuwa, ƙuli-ƙuli, dabino. Mazubi ba ya barin hannun mai shi sai da niyyar ya dawo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe zirga-zirga zuwa Legas a 1912, Sabon Gari kuma ta kafu wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu. Littattafan tarihi sun fi damuwa da gyaɗa, da dalar buhunan da Alhassan Ɗantata da takwarorinsa suka riƙa ginawa a gefen layin. Amma jirgin ya zo da wani sabon abu da ba a cika ambata ba: mai saye wanda ba zai dawo ba. Tafiyar Kano zuwa Legas ta haura kilomita 1,100, ta wuce kwana guda a hanya. A Zariya, a Kaduna, a Minna, jirgi kan tsaya na ɗan lokaci, a miƙa abinci ta taga, a miƙo kuɗi, usur ya yi ƙara. Mai tallar da ta ba da ƙwaryarta ta yi sallama da jarinta.

To, sai aka nemi abin da ba a jin zafin rabuwa da shi. Ganye ne na farko. Shi kansa jirgin yana kawo shi, domin huhun goro a ganyen fita ake ɗaure shi, matan Yarbawa da Inyamurai na Sabon Gari kuma sun zo da al'adarsu ta dafa alale da agidi a ganye. Daga baya takarda ta shigo: tsohuwar jarida ga mai ƙosai, takardar buhun siminti ga mai tsire da balangu, wadda har gobe wasu ke rantsuwa cewa nama ya fi daɗi a cikinta. Gwangwanin madara da na tumatir suka zama tukunyar alale. Duk wanda ya yi firamare a Kano a shekarun 1990 ya san alalen gwangwani, ya kuma san cewa mai talla ba ta tafiya sai ka juye ka mayar mata da gwangwaninta. Matafiyi mai shiri kuwa da langarsa yake fita. Kwanukan fenti sun yawaita bayan da 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Nijeriya wajen shekarun 1960, su ne kuma suka cika jeren ɗakin amare.

Duk waɗannan, ko dai su ruɓe, ko akuya ta cinye, ko a wanke a sake amfani da su. Leda ce ta karya wannan ƙa'ida, soso ya ƙarasa.

Asalin sinadarin soso, wato folistarin, wani mai haɗa magunguna a Balin, Eduard Simon, ya fara cin karo da shi a 1839, aka yi shekara kusan ɗari ba a san abin da za a yi da shi ba. Kamfanin Dow na Amurka ya fito da Styrofoam a shekarun 1940, BASF na Jamus ya fito da nau'in da ake kumbura shi a farkon shekarun 1950. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinsa iska ce. Wannan shi ne sirrin arharsa da riƙe zafinsa, shi ne kuma masifarsa. Ɗan jari-bola da kilo yake sayarwa. Zai cika buhu da soso ma'auni bai motsa ba, don haka ko kallonsa ba ya yi. Abin da ba mai tsinta kuwa kwata ce makomarsa, daga kwata sai Jakara. Lokacin da ruwa ya mamaye Kantin Kwari a daminar 2022, gine-gine a kan magudanai aka fi zargi, amma duk wanda ya leƙa kwalbatin unguwar ya san abin da ke kwance a ciki. Ga kuma batun lafiya: a 2018 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya sinadarin sitarin cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa daji, kuma zafi da maiƙo suna ƙara yawan abin da ke tsiyaya daga mazubi zuwa abinci. Shinkafa da miyar da aka kwaso daga kan wuta ta haɗa duka biyun. McDonald's ya daina zuba abincinsa a soso tun 1990, lokacin da mu ko fara yayinsa ba mu yi ba.

Alminiyam labarinsa akasin haka ne. A tsakiyar ƙarni na 19 yana cikin ƙarafa masu tsada. Ana ba da labarin cewa Napoleon na Uku na Faransa yakan ajiye cokulan alminiyam don manyan baƙi, saura su ci da na zinariya. A 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar tace shi da lantarki, farashi ya faɗi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar narka tarkacensa a zuba tukwane ta bazu a Afirka ta Yamma, har ta zama tukunyar biki ba ta da wani ƙarfe sai shi. Yana narkewa a digiri 660, zafin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa, kuma sake narka shi ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin ɗari na makamashin da ake kashewa wajen tace sabo. Ma'ana, a Kano alminiyam yana da abin da soso bai taɓa samu ba: mai saye bayan an gama da shi. 'Yan gwangwan sun riga kowace doka kafa kasuwarsa.

Sai dai ban yarda da masu cewa an gama magana ba. Da farko akwai tsada. Masana'antar tace alminiyam ɗaya tak ƙasar nan ta gina, ALSCON ta Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, aka sayar wa kamfanin Rusal na Rasha a 2007, ta sake tsayawa, shari'ar mallakarta ta ci shekaru. Saboda haka farashin ƙarfen yana bin dala, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun Yunin 2023. Mai abincin bakin tasha da ke sayar wa ɗan dako shinkafa da wake ba ta da inda za ta ɓoye wannan ƙari. Ko ta rage awo, ko ta koma leda.

Na biyu, mazubin alminiyam siriri ne, ba shi da nauyin gwangwanin lemo, idan kuma ya dame da manja ba kowane mai tsinta zai sunkuya dominsa ba. In an yar da shi bai koma tukunya ba, an yi asarar lantarkin da ya kai kimanin kilowat-awa 14 a kowane kilo don cin abincin rana ɗaya. Abinci mai tsami da gishiri, kamar miyar tumatir, yana cin jikinsa idan ya kwana a ciki. Akwai ma abin lura a can ƙarshen hanya: wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa a Kamaru ya gano dalma tana fita daga jikinsu, saboda ana cakuɗa tarkacen injin mota da sauran ƙarafa wajen narkawa. Laifin ba na mazubin abinci ba ne, hasali ma shi ne tarkace mafi tsabta da maƙeri zai samu, amma sai an ware shi.

A nan ne nake ganin tarihin tashar yana da amfani. Ba kowane mai saye ne matafiyi ba. Ma'aikacin banki a titin Murtala Muhammad, da ɗan kasuwar Kwari, da mai shago a Sabon Gari, kullum wuri ɗaya suke sayen abinci, kula ko samira ta ishe su, kamar yadda almajiri ya riƙe robarsa tun fil azal ba wanda ya kira shi masanin muhalli. Alminiyam ya dace da wanda da gaske ba zai dawo ba, da sharaɗin a ajiye masa inda zai jefa shi. Jirgin Legas zuwa Kano da aka farfaɗo da shi a Disambar 2012 bai daɗe yana tafiya a kan ƙa'ida ba, amma ana shimfiɗa sabon dogo daga Kaduna, an kuma aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021. Idan sun fara aiki, masu talla za su koma bakin tashoshi a Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kuma hukumar jirgin ce za ta yanke abin da za a yarda a zuba wa fasinja abinci a ciki.